Maradona Nawa Ne? Laƙubban da Soja, Ɗan Wasa da Ɗan Rediyo Ke Tarayya a Kansu

A Najeriya, idan dattijo ya ce "ai Maradona ne ya soke zaɓen," babu wanda hankalinsa zai tafi Ajantina. Kowa ya san Janar Ibrahim Badamasi Babangida ake nufi. Amma faɗa wa yaron da aka haifa bayan 2000 wannan maganar, wanda bai san wani Maradona ba sai na bidiyon YouTube, ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. A wurin mutanen da suka ga lokacin da aka raɗa shi, laƙabi ya fi sunan yanka nuna mutum. Da zarar ya bar hannunsu, ko ya sami mai shi na biyu, sai ya fara ɓatar da jama'a. Kuma babu inda laƙubba ke cin karo da juna kamar filin wasa, barikin soja da gidan rediyo, domin ukun nan suna ara wa juna suna ba dare ba rana. Abin da nake so masu rubutu da Hausa su riƙe, 'yan jarida ne ko masu shafuka ko masu gyaran Wikipedia, shi ne ba a ɗora wa mutum laƙabi a rubuce sai an san wanda ya raɗa shi, da shekarar, da dalili.

A duba na Maradona ɗin. Babangida ya karɓi mulki ranar 27 ga Agusta 1985. Ranar 22 ga Yuni 1986, a gasar cin kofin duniya ta Meziko, Diego Maradona ya ci Ingila ƙwallo biyu: ɗaya da hannu, ɗaya kuma bayan ya taso daga tsakiyar fili ya yanke 'yan wasa biyar har da gola. Jaridun Najeriya suka ari sunan suka ba Janar, saboda yadda yake yankan 'yan siyasa. An sa ranar miƙa mulki 1990, aka mayar da ita 1992, aka sake ɗagawa zuwa Janairun 1993, sannan Agusta. Ya kafa jam'iyyu biyu, SDP da NRC, a 1989, ya soke zaɓen fid da gwani na 'yan takarar shugaban ƙasa a 1992, ya soke na 12 ga Yuni 1993 ɗungurungum. To ka ga a nan sunan ba yabo zalla ba ne, akwai zargi a cikinsa. Shi kuwa Gheorghe Hagi na Romaniya, da ake ce wa Maradonan tsaunukan Carpathia, da Saeed Al-Owairan na Saudiyya, da ya zama Maradonan Larabawa bayan ƙwallon da ya ci Beljiyam a 1994, nasu kirari ne tsantsa. Wanda bai san wannan bambancin ba zai iya rubuta abin da yake zaton yabo ne, alhali habaici ya yi.

Shi kansa sunan Babangida ai laƙabi ne tun asali, irin na alkunya, wanda ake kiran yaron da ya ci sunan kakansa ko na maigida don kada a riƙa kama sunan babba. Shi ya sa masu shi suke da yawa, kuma yawancinsu babu dangantakar jini a tsakaninsu. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya buga wa Ajax kuma ya ci zinare da Najeriya a Atlanta a 1996, yana da ƙane mai suna Ibrahim Babangida, sak sunan Janar. Wannan Ibrahim ɗin yana cikin yaran da suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, ya kuma buga wa Volendam a Holan. Ya rasu a hatsarin mota a 2024, Allah ya jiƙansa. Irin wannan labarin, idan aka sa masa kanu da suna kaɗai, an gama ta da hankalin ƙasa, domin mutane kanun suke turawa a WhatsApp, ba labarin ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ya bambanta mutum shi ke zuwa gaba da sunansa. "Tsohon ɗan ƙwallo Ibrahim Babangida, ƙanen Tijjani," ba a bar bayanin sai sakin layi na biyu ba. A rediyo ma abin ya fi tsanani, don mai sauraro yakan kunna a tsakiyar jimla, saboda haka duk lokacin da za a maimaita sunan sai a maimaita sana'ar. Haka Ɗanjuma: akwai Janar T.Y. Danjuma, akwai ɗan ƙwallo Arnaut Danjuma da aka haifa a Legas ya buga wa Holan.

Me ya sa rediyo ya fi kowa ƙirƙirar laƙabi? Domin mai sauraro ba ya ganin komai. Mai sharhi yana da daƙiƙa biyu ko uku ya nuna wanda ke riƙe da ƙwallo, da irin yadda yake wasa, kafin ƙwallon ta koma wani wuri. Kalma ɗaya mai nauyi ta fi masa jimla. A Najeriya babu wanda ya kai marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya iya wannan. Shi ya kira Segun Odegbami Mathematical, saboda ya karanci injiniyanci a kwalejin kimiyya ta Ibadan kuma bugunsa kamar da awo. Christian Chukwu ya zama Chairman, wato ciyaman, saboda yadda yake tsara baya. Gola Emmanuel Okala, saboda tsayi da cika, ya zama Man Mountain, mutum tsauni. Aloysius Atuegbu ya zama Blockbuster. Da waɗannan sunaye mutane suka saurari wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 22 ga Maris 1980 a Surulere, inda Najeriya ta ci Aljeriya 3 da 0, Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya, Chukwu ya karɓi kofi daga hannun Shugaba Shehu Shagari. Okonkwo ya rasu a 1990, sunayen suka ci gaba da tafiya ba shi.

A cikinsu akwai wanda ya fi sauran haɗari ga mai rubutu, wato laƙabin da ya yi kama da muƙami na gaske. Adokiye Amiesimaka yana karatun lauya a Jami'ar Legas lokacin da yake buga wa ƙasa, sai Okonkwo ya kira shi Chief Justice, wato alƙalin alƙalai. Daga baya ya zama babban lauyan gwamnati kuma kwamishinan shari'a na Jihar Ribas, amma bai taɓa zama alƙalin alƙalai ba. Wanda ya ci karo da sunan a tsohuwar jarida, ya kuma ga mutumin lauya ne, ba wuya ya fassara laƙabin a matsayin muƙami. Haka ake yi da Ciyaman, da Janar, da Kyaftin, da Farfesa, da Gwamna, waɗanda suka cika filayen ƙwallo. Kafin ka rubuta, tambayi kanka: wace hukuma ce ta naɗa shi, a wace shekara? In babu amsa, laƙabi ne, a sa shi bayan cikakken suna a faɗi cewa laƙabi ne.

Daga bariki zuwa fili kuwa, misalin da ya fi fitowa fili shi ne Tiger, wato damisa. Sunan yankan Tiger Woods, shahararren ɗan wasan golf ɗin nan, Eldrick ne, an haife shi a Disambar 1975. Mahaifinsa, Earl Woods, laftanar kanar ne a sojan Amurka, ya yi yaƙi a Biyetnam tare da wani hafsan sojan Biyetnam ta Kudu, Kanar Vuong Dang Phong, wanda yake kira Tiger saboda jarumtarsa. Da ya sami ɗa sai ya ba shi laƙabin abokin. Shi Phong ya mutu a sansanin tsare mutane a 1976, bai ji ɗuriyar takwaransa ba, wanda ya ci gasar Masters a 1997 yana da shekara 21. Ga kuma namu, Dick Tiger, wanda sunansa Richard Ihetu, mutumin Amaigbo, haihuwar 1929. Ya zama zakaran duniya na matsakaicin nauyi a damben boksin a 1962 da ya doke Gene Fullmer, ya sake doke shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a Agustan 1963, ya hau ajin da ke sama ya karɓe kambu daga José Torres a 1966. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya sa kakin Biyafara da muƙamin laftanar, ya mayar wa Birtaniya lambar girman da ta ba shi, ya rasu a Disambar 1971. Sai na ukunsu, Janar Tomoyuki Yamashita na Japan, Damisar Malaya, wanda Singafo ta faɗa hannunsa ranar 15 ga Fabrairu 1942, aka rataye shi a Filifin a 1946. Wanda ya rubuta Tiger da soja a Google, duk ukun na iya fito masa, kuma kowanne da gaske yana da alaƙa da soja. A nan fanni kaɗai bai isa ya raba su ba, sai an haɗa da ƙasa da shekara.

Bomber, mai ruwan bama-bamai, shi ma haka. Arthur Harris ya karɓi rundunar jiragen kai hari ta Birtaniya a Fabrairun 1942, shi ya jagoranci ƙone Hamburg a 1943 da Dresden a Fabrairun 1945. Jaridu ne suka kira shi Bomber. Mutanensa na cikin runduna Butch suke ce masa, gajarta kalmar mahauci. Wannan ya isa ya nuna cewa mutum ɗaya yakan yi laƙabin waje da na cikin gida, kuma na cikin gidan ya fi faɗin abin da na kusa da shi suke gani. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, Jamusawan da aka yi wa ruwan wutar suka kira Gerd Müller Der Bomber, mai ƙwallo 365 a Bundesliga da 68 a wasa 62 da ya buga wa Jamus ta Yamma, wanda ya ci ƙwallon da ta ba su kofin duniya a 1974. Kafin su duka akwai Joe Louis, Brown Bomber, zakaran duniya na masu nauyi a damben boksin daga 1937 zuwa 1949, wanda ya kare kambunsa sau 25. Ranar 22 ga Yuni 1938 ya doke Max Schmeling na Jamus a minti biyu da daƙiƙa huɗu, ana watsawa kai tsaye ta rediyo a Amurka da Jamus, a 1942 kuma ya shiga soja har ya kai saje. Deontay Wilder, ɗan jiharsu ta Alabama, ya ari sunan ya canza kalma ɗaya ya zama Bronze Bomber, saboda tagullar da ya ci a Beijing a 2008. Aro irin wannan, da mai shi ya bayyana daga inda ya ɗauko, ba ya rikita kowa.

Wanda ke rikita mutane da gaske shi ne laƙabin da ba a ba mutum don wani abin da ya yi ba, sai don siffa ko asali, irin su Dogo, Bahago, Baƙi, Ɗankano a wurinmu. A Amurka ta farkon ƙarni na 20, duk yaron da iyayensa suka fito daga Jamus ko Holan, ko ya yi kama da su, sai a ce masa Dutch. Ronald Reagan mahaifinsa ne ya raɗa masa tun yana jariri, kuma da sunan Dutch Reagan ya yi aikin sharhin wasanni a tashar WHO da ke Des Moines kafin ya tafi Hollywood a 1937. Yadda yake aikin abin lura ne: ba ya filin wasan. Wani ma'aikaci ne ke karɓar saƙon tangaraho daga Chicago, gajerun alamu, ya miƙa masa, shi kuma ya gina wasan da bakinsa kamar yana gani. Shi da kansa ya sha ba da labarin ranar da wayar ta yanke, ya yi ta ƙirƙirar bugun da ba ya canza sakamako har layi ya dawo. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu a sashen shirya finafinan horaswa, ya zama shugaban ƙasa a 1981. A wannan yaƙin akwai Birgediya Norman Cota, shi ma Dutch, mataimakin kwamandan runduna ta 29 da ya sauka gaɓar Omaha a Faransa ranar 6 ga Yuni 1944. Akwai Theodore Van Kirk, Dutch, wanda ya nuna wa Enola Gay, jirgin da ya jefa bam ɗin nukiliya, hanya zuwa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945.

Sai biyun da suka fi ba da wahala, Dutch Leonard da Dutch Leonard. Dukansu 'yan besbol ne, dukansu masu jefa ƙwallo, kuma ba 'yan uwa ba ne. Na farko Hubert, bahago ne, ya yi wasa daga 1913 zuwa 1925, ya fara da Boston. Na biyu Emil, da dama yake jifa, ya yi daga 1933 zuwa 1953. Laƙabi ɗaya, sunan mahaifi ɗaya, sana'a ɗaya, matsayi ɗaya a fili. Abin da ya raba su shekara ce da hannu. Duk wasan da aka ce an buga a 1914 na Hubert ne, duk na 1945 na Emil ne, kuma hoton da ya nuna mutum yana jifa da hagu ba Emil ba ne ko da an rubuta sunansa a ƙasa. Irin wannan binciken nake nufi idan na ce a duba shekara: a jera lokacin da kowanne ya yi aiki, a ga inda labarin ya faɗa.

Duk waɗannan, iyakar ɓarnarsu a sa hoton wani a labarin wani. Akwai inda tarayya a laƙabi ta kai mutum kurkuku, kuma a rediyo abin ya faru.

Sojojin Amurka da ke yaƙi a tekun Fasifik suna kama tashoshin Japan masu watsa shiri da Turanci, suna jin muryoyin mata daban-daban daga Tokyo da Manila da sauran wurare. Duk suka haɗa su a suna ɗaya, Tokyo Rose. Babu macen da ta taɓa kiran kanta haka a iska, kuma sunan yana yawo a bakin sojoji tun kafin Iva Toguri ta fara magana a rediyo. Ita Iva haifaffiyar Los Angeles ce, 1916. Ta je Japan a Yulin 1941 duba innarta da ba ta da lafiya, yaƙi ya ritsa da ita a Disamba, ta ƙi yarda ta yar da takardar zama 'yar Amurka duk da matsin da aka yi mata. A Nuwambar 1943 ta shiga shirin Zero Hour na Rediyon Tokyo, wanda wani fursunan yaƙi, Manjo Charles Cousens na Ostiraliya, tsohon ma'aikacin rediyo, aka tilasta masa shiryawa. Sunan da take kiran kanta a shirin Orphan Ann ne. Da yaƙi ya ƙare, wasu 'yan jarida biyu suka sa dala 2,000 ga duk wadda za ta yi hira da su a matsayin Tokyo Rose. Tana cikin talauci, ta amsa, ta sa hannu, kuɗin ma ba a ba ta ba. Aka tsare ta shekara guda, aka sake ta don babu hujja. Sai wani mai shiri a rediyon Amurka, Walter Winchell, ya ta da ƙura, aka kawo ta San Francisco aka gurfanar a 1949. Cikin tuhuma takwas aka same ta da laifi a ɗaya, aka yanke mata shekara goma da tarar dala 10,000 kan cin amanar ƙasa. Ta fito a 1956. A 1976 manyan shaidu biyu suka amsa cewa ƙarya suka yi bisa matsin lamba, Shugaba Gerald Ford ya yi mata afuwa a Janairun 1977. Duk abin da sojoji suka tuna sun ji daga bakin mata da dama, a kanta ita kaɗai aka juye shi, saboda ita ce ta yarda ta sa rigar da ba don ita aka ɗinka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne, tambaya ɗaya ta isa ta warware shi tun farko: yaushe aka fara jin sunan, yaushe ita ta fara aiki? Laƙabin da ya girmi aikin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. A Turai ma an yi irinsa. Wani marubucin jaridar Daily Express, Jonah Barrington, ya ƙirƙiri Lord Haw-Haw a 1939 don wata murya da yake ji daga Jamus, sunan ya bi ta kan masu magana da dama, ciki har da Norman Baillie-Stewart, tsohon hafsan sojan Birtaniya, kafin ya tsaya a kan William Joyce, wanda aka rataye ranar 3 ga Janairu 1946. Masu magana a rediyo da ake kira Axis Sally kuwa mata biyu ne, Mildred Gillars a Berlin da Rita Zucca a Rum.

Soja suna da wani nau'in da gangan aka yi shi don a yi tarayya a kansa. A tsarin magana ta oba-oba na sojan Birtaniya da ƙasashen da suka gaji tsarinta, an daɗe ana kiran kwamanda Sunray, likita Starlight, mai kula da sadarwa Pronto, na manyan bindigogi Shelldrake, injiniya Holdfast. Ba a kama suna ko muƙami a iska don kada abokin gaba da ke sauraro ya gane wa ke magana. Sunan na kujera ne. In aka harbi kwamanda da safe, wanda ya gaje shi da rana shi ne Sunray. Mai karanta tarihin wata bataliya da ya ga an ce Sunray ya ba da umarni, sai ya nemo wanda ke riƙe da ita a wannan ranar. Muƙamin ma a duba shi da ranarsa. Benjamin Adekunle, Black Scorpion, baƙar kunama, wanda aka haifa a Kaduna a 1936, kanar ne lokacin da yake jagorantar runduna ta uku a yaƙin basasa har Obasanjo ya karɓe shi a Mayun 1969, birgediya ya zo daga baya. Rubuta masa birgediya a labarin 1968 kuskure ne, ko da ƙarami.

A aikace, ga yadda ya kamata a bi. Wurin da aka fara ambaton mutum a rubutu, a kawo cikakken sunansa, da sana'arsa, da ƙasa ko ƙungiya, sannan laƙabin. Daga nan ana iya ci gaba da laƙabin kaɗai, muddin babu wani mai irinsa a cikin rubutun. In su biyu ne, a bar laƙabin gaba ɗaya a koma sunan yanka. Wajen nema a intanet, a sa laƙabin cikin alamar zance, a ƙara fanni da shekara, domin injin nema wanda ya fi shahara yake turo maka, ba wanda kake nema ba. Rubuta Pele kaɗai, ɗan Birazil za ka samu, ba Abedi Ayew na Ghana da ya zama gwarzon Afirka a 1991, 1992 da 1993 ba, balle Rabi'u Ali na Kano Pillars, wanda a Sabon Gari in an ce Pele shi ake nufi. Hoto kuwa kada a yarda da rubutun da ke ƙasansa kawai: a duba riga, da tambarin ƙungiya, da anini a kafaɗa, a ga ko sun dace da shekarar. Kuma ban ga amfanin mayar da laƙabin baƙo Hausa a riƙa kiran mutum da shi ba. A bayyana ma'anarsa sau ɗaya, a bar shi yadda masu shi suke faɗa, don mai karatu ya iya nemansa. Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: a binciki ko mutumin ya yarda da sunan. Wanda abokan gaba ko 'yan adawa suka raɗa, a faɗi cewa su suka raɗa.

'Yan damben gargajiya sun daɗe da samun nasu maganin, kuma ya cancanci a yaba musu. Bahago da Dogo da Auta da Shago sun yi yawa a fage, saboda haka ba a barin laƙabin tsirara. Ana jingina shi ga maigida: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane, Garkuwan wane. Sannan a ƙara ɓangare, Arewa ko Kudu ko Guramada. Idan mai ba da rahoto ya ce Bahagon wane daga Kudu ya kashe Shagon wane daga Arewa a turmi na biyu, a jimla ɗaya ya faɗi hannun da mutum ke ɗaurewa, da gidan da ya taso, da ɓangaren da yake wa dambe. Ƙwallo da soja ba su da tsarin da ya kai wannan tattalin kalma.

Inda yake yoyo shi ne idan lokaci ya ja. Maigida ɗaya na iya tashin bahagwai biyu, ɗaya bayan ɗaya, su ci suna guda. Yaro na iya barin maigida ya koma wani, sunansa ya canza alhali mutumin ɗaya ne, wasanninsa su rabu gida biyu. Wanda ake kira Shagon wane yau, gobe shi ne wane, yaransa na amsa sunansa. Kuma sunan yanka kusan ba ya fitowa a rahoto, ko a rediyo ko a bidiyon da ake ɗorawa a Facebook. Bayan shekara ashirin, mai son rubuta tarihin fagen zai tarar da Bahagon wane a 2005 da Bahagon wane a 2018, ba shi da hanyar sanin ko mutum ɗaya ne. Masu gidajen dambe da masu ɗauko rahoto za su iya toshe wannan da littafi guda mai layi biyar: sunan fage, sunan yanka, gari, maigida, da shekarar da aka fara ganin mutum ya ɗaure hannu. In ya canza suna, a ƙara sabon a gefen tsohon, kada a goge.